Fedar da Ta Ƙi Durƙusawa

Na bar makaranta a aji biyu na jiniya sakandare, kuma daga nan ba sana'ar da ban leƙa ba. Na yi gyaran moto, wato babur, na yi ɗinki, na tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, har ranar da na sauke wata mata a Dabokpa alhali Kalpohin ta ce. Ko'ina na je gindina ba ya zama. Abin da ya fara zaunar da ni wuri ɗaya shi ne wani tsohon laftof da ɗan kawuna ya bar mini da zai koma Kumasi, da furogiram na ɗaukar murya a ciki. Baba bai taɓa yarda wannan sana'a ce ba. Akwatin hayaniya yake ce masa. Ya dai ƙyale ni ne saboda aƙalla yanzu ya san inda nake.

A gidanmu na Zogbeli, a nan Tamale, iyaye mata biyu nake da su. Akwai Mma, wadda ta haife ni, ita ke suyar kose. Akwai yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, Mma Babba, ita ke dama koko. Teburinsu ɗaya a bakin titi tun kafin a haife ni. Wanda ya miƙa hannun dama ya karɓi koko, hannun hagu na karɓar kose, ba ya ko ɗaga ƙafa.

Sai wata mata ta kafa nata teburin a tsallaken titi, da lasifikar hannu rataye a jikin lema, tana ta maimaita talla tun safe. Masu moto suka fara tsayawa can. Mma Babba ta kalli abin na wasu kwanaki, sannan ta ce da ni, "Kai, akwatin nan naka yana iya wannan?"

Na ce yana iya abin da ya fi wannan ma.

Na zaunar da su a ɗakina, na rataya bargo a taga, na ɗauki muryar kowacce ita kaɗai. Mma Babba tana da irin muryar da in ta kira yaro a Zogbeli, sai wani ya amsa a Dabokpa. Ta riƙe maik kamar zai gudu ta ce, "Koko da zafi, da citta, da barkono." Mma kuwa muryarta siririya ce, ga shi tana tsoron maik, tana ja da baya kamar mai zai fantsamo mata. Ta ce nata, "Ga kose, yanzu aka kwashe," kamar tana neman gafara.

Ga wanda bai taɓa ganin miksa ba, layuka ne a tsaye a fuskar laftof, kowace murya da nata layin. A kowane layi akwai ɗan maɓalli mai hawa da sauka, shi ne feda. Ka ja sama murya ta ƙaru, ka ja ƙasa ta ragu. A gefe akwai fitila, kore, rawaya, ja. In ta taɓa ja, sautin ya fashe ke nan, sai ka ji shi kamar an zuba ruwa a mai.

To, na yi abin da kowa zai yi. Na ja fedar Mma Babba ƙasa, kusan har gindi, na tura ta Mma sama. Muryoyin suka zo daidai, ɗaya ta ce koko, ɗaya ta amsa kose. Na kunna musu. Duka suka yi murmushi. Da a nan na rufe laftof ɗin da shi ke nan, amma na bar shi a buɗe don su ga aiki.

Mma Babba ta sunkuyo ta sa yatsa a gilashin.

"Wannan ta saman, ta wace ce?"

"Ta Mma."

"Wannan da ke ƙasa fa?"

Na ce tata ce.

A garin nan ƙarami ba ya gaida babba a tsaye. Mma da furfurarta, kullum da safe sai ta rage tsawo a gaban Mma Babba, ita tana tambayar kwana, Mma tana amsa naa, naa, har sai an ce ta tashi.

"Wato ni ce a durƙushe," in ji Mma Babba, "ƙanwata a tsaye a kaina. Yarinyar da na goya har ta yi mini fitsari a baya."

Na ce, "Mma Babba, ba maganar girma ba ce, maganar ƙara ce."

"Au, ni ce mai ƙara."

Nan Mma ta yi dariya. Ba wata babba ba, 'yar ƙarama ce ta hanci, amma ita ta ɓata komai.

Mma Babba ta ce in ɗaga ta. Na ɗaga. Ta ce in sauke uwata. Na sauke. Fitila ta yi ja ta zauna a nan. Da na zuba a lasifika, koko ya fito yana tsage kunne, kose kuwa sai ka rantse wani ne ke magana a gidan maƙwabta.

Mma ta gyara ɗankwali ta ce, "To, tunda babu kose a tallan, yaya, sai ki sayar da kokonki."

Washegari Mma Babba ta sauke tukunyarta daga teburi, ta kai ta kan benci can gindin pol ɗin wuta. Masu saye suka dinga kai da komo da koko a leda, suna neman kose. Wani ma'aikaci ya tsaya a kan moto ya kalli nan, ya kalli can, ya tsallaka titi wajen matar nan.

Da rana Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Teburin nan ya girme ka. In akwatinka ya raba shi, akwatin zai bar gidan nan, kai kuma ka koma gyaran moto."

Na gwada duk abin da na sani. Na tura murya ɗaya kunnen dama, ɗaya kunnen hagu, a belun kunne ya yi daɗi paa, amma lasifikar hannu baki ɗaya gare ta, duk suka koma cakuɗe. Na roƙi Mma Babba mu sake ɗauka, ta tsaya nesa da maik, wajen bakin ƙofa. Ta ce da an durƙusar da ita, yanzu kuma waje ake korar ta. Na roƙi Mma ta ɗaga murya. Ta ce ita haka Allah ya yi ta, in je in tambayi wadda ta cinye rabonta.

Ina zaune ina kallon layukan, sai idona ya kai kan wani ɗan da'ira a can saman kowane layi, wanda ban taɓa taɓawa ba. Gen ake ce masa. Na murɗa na Mma Babba baya, muryar ta ragu, feda ba ta motsa ba. Na sake murɗawa gaba, ta dawo. Sai na gane. Gen kamar makullin ruwa ne na bakin mita, feda kuma kan famfo. In ka rage daga mita, buɗe famfo har ƙarshe ka ga abin da zai fito. Ɗan Tamale ba ya bukatar a yi masa bayanin famfo a buɗe babu ruwa.

Na rage gen ɗin Mma Babba sosai, na tura fedarta sama. Na ƙara na Mma, na sauke fedarta ta durƙusa. Na kunna. Sautin nan na ranar farko ne, babu abin da ya canza ko ɗis, fitila tana kore da ɗan rawaya. Na gwada a lasifikar kanta, ba a belun kunne ba, na tsaya a tsakar gida na saurara. Tun daga ranar ba na taɓa feda sai na fara daidaita gen.

Sai da na aika Baba sannan Mma Babba ta yarda ta shigo. Ta zo da tabarau. Mma ta tsaya a bayanta, Baba ya jingina da ƙofa.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Mma Babba."

"Wannan uwarka?"

"Ita ce."

"Kunna."

Ta saurara sau da dama, tana gyaɗa kai. Ta ce, "Ka ji ko? Da kowa ya san wurinsa, har muryar uwarka ta fi daɗi."

Mma tana da kunne. Ta kalle ni, na kalli bargon taga. Sai ta juya wajen laftof ɗin, ta rage tsawo, ta ce, "Naa."

Mma Babba ta yi kamar ba za ta yi dariya ba, amma kafaɗarta ta tona mata asiri. Har ta miƙe za ta fita, sai ta dawo ta nuna layin ƙarshe a gefen dama, wanda fedarsa ta ɗan fi tata tsawo.

"Wannan kuma wane ne?"

"Masta ne. Duk muryoyin ta nan suke fita."

"Wane ne masta?"

Baba ya yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Da ka zo neman aure ba a gabana ka durƙusa ba? Sauke shi."

Na sauke masta, na ƙara ƙarar lasifika daga jikinta. Da safe tukunya ta koma kan teburi.

Har yau Baba akwatin hayaniya yake ce masa, amma bai sake maganar moto ba. Wata rana bayan la'asar ya leƙo ɗakina, ya duba tsakar gida ya tabbatar Mma Babba ba ta nan, ya ce in ɗan ɗaga fedarsa ta masta kaɗan.