Takarda Ba Hatimi

Makon jiya a Gummi, wurin bitar da aka shirya wa mataimakan hedimastoci, wani ma'aikaci ya buga hatimi a kan takarda dab da kunnena, dam! Nan take na zabura. Za ku ce mene ne abin tashin hankali a ɗan guntun katako da roba da tawada. To, ku bari in ba ku labarin Babana.

Tun ban san kaina ba Baba yake mataimakin hedimasta a firamaren ƙauyenmu, can gefen Bagega a ƙasar Anka. Hedimastoci su zo su tafi, shi yana nan. Shi ne kiran suna, shi ne bin iyaye gida gida har rugar Fulani yana roƙo a bar yara su zo aji. Shi ne kuma mai ƙararrawa, wani tsohon wilin mota da ke rataye a dogonyaro, da sandar ƙarfe da yake jinginewa bayan ƙofar ofis. In ya buga, har masu ban ruwa a fadama sai sun ɗago kai. Kujerar hedimasta kuwa, ko da wasa bai taɓa zama a kanta ba. Ya goge ta tas, ya koma benci.

Inna takan tsokane shi: "Malam, ƙwaryar ga da kake riƙo, yaushe za ka kurɓi abin da ke ciki?" Sai ya yi murmushi ya ce bin na gaba bin Allah ne. A lokacin maganar tana yi mini daɗi. Yau in na ji ta, ɗaci take yi mini.

Ina aji biyar zinari ya buɗe. Injinan niƙan hatsi suka koma niƙan dutse, baƙi suka cika gari da buhuna. Suna neman wuri mai siminti su shanya garin dutse, kuma duk ƙauyen babu irin barandar makarantarmu. Hedimasta na lokacin a Anka yake zaune, sai ya ga dama yake leƙo mu a kan babur, hatimin makaranta ƙunshe cikin leda a aljihun gaban rigarsa. Shi ya ce su riƙa shanya in an tashi. Bayan aji ɗaya kuma suka haƙa ramin wankin garin dutsen.

Autarmu tana da shekara uku, kuma bakinta bai mutuwa. Ta biyo ni makaranta, ta zauna a baranda tana kwaikwayon Baba, "A, ba, ca, da, ku maimaita!" Tana zana haruffan banza da yatsa cikin farin garin nan mai laushi, tana lashe yatsan. Mu kuwa dariya muke yi.

Agwagin Inna ne suka fara mutuwa, waɗanda ke sha a ramin wanki. Babu wanda ya taɓa gaya mana akwai dalma a dutsen, amma Baba ba wawa ba ne. Ya tsaya a kan gawarwakin ya ce abin da ya kashe agwagwa ba zai bar yaro ba. Ya zauna ya rubuta takarda zuwa ofishin ilimi da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya hau keke cikin zafin bazara har Anka. Akawu ya juya ta gaba da baya, ya miƙo masa. "Malam, takardar ga ba hatimi." Baba ya wuce gidan hedimasta. Mutumin ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba. "Wa ah hedimasta, ni ko kai? Bari sai na taho na gani da idona."

Baba ya dawo, ya saka takardar cikin rijista, ya jira. Ya ce wa Inna ta riƙe Auta a gida, amma wa ke riƙe 'yar shekara uku da ta ji ƙararrawa? Ni kuma ya ce in riƙa share barandar da kyau kowace safiya. Wayyo Allah! Na yi ta shara da iya ƙarfina, garin yana tashi, ita tana tsaye gefena tana tari tana waƙa. Mako bakwai muka yi a haka.

Ranar wata Alhamis da hantsi Auta ta faɗi tana jijjiga, idanu sun kafe. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, maƙwabtanmu ma suna niƙa a tsakar gida, ba zan rantse cewa barandar kaɗai ce ba. Amma a barandar na ga ta fi daɗewa. Likitoci suka zo daga baya, aka kwashe ƙasar da dalma ta gurɓata, aka ba da magani. Gidaje da yawa sun binne yaransu, mu tamu ta rayu, sai dai harshen bai dawo ba. Yanzu ta zama mace, tana zaune ƙofar ɗakin Inna, in ta ji ƙarar ƙarfe sai ta yi dariya ta tafa hannu.

Sai da likitoci suka zo sannan hedimasta ya iso, ya zaro takardar daga rijista ya buga mata hatimi. Ba a jima ba aka ciyar da shi gaba. Baba a mataimaki ya yi ritaya. Yana jinyar ajali ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, ai na bi ƙa'ida, ko ba haka ba?" Matashi kawai na gyara masa. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya gafarta mini wannan shirun.

Yau ni ce mataimakiya a wata makaranta ta ƙasar Bukkuyum. Bazarar da ta wuce, wasu suka jibge buhunan dutse a barandarmu, hedimasta yana Gusau, hatimi yana aljihunsa. Ban nemi biro ba. Na ɗauki sandar ƙarfe na yi ta dukan wili ba lokacin tara ba, ba lokacin tashi ba, har mai unguwa da iyaye da 'yan fadama suka taho a guje. Kafin azahar ko buhu ɗaya babu. Ladan da na samu shi ne takardar tuhuma, da hatiminta ɗanye shar, da umarnin in je bita in koyi yadda mataimaki ke zama.

Na kuwa je. Aka liƙa manyan takardu a bango, aka ce mataimaki ginshiƙi ne, dole ya iya yanke shawara. Muka tafa. Da za a tashi aka raba fom, kowa ya rubuta abin da zai gyara a makarantarsa, ya dawo da shi da hatimin hedimasta. Na ɗaga hannu na tambayi mai ba da bitar. "Ranka ya daɗe, in bai nan fa?" Ya ce, "Sai ki jira shi, Malama."

An canja fenti, an canja sunayen ofisoshi, darasin na nan yadda aka koya wa Baba. Abin da ke ci na shi ne, duk mako bakwai ɗin nan sandar tana hannunsa kowace safiya. Gari guda zai iya tarawa da ita. Sau uku yake bugawa daidai ƙa'ida, ya mayar da ita bayan ƙofa, Auta kuma ta ji ta taho da gudu.