Rubu'in da Ɗela Ta Hana Gardi

A Yekuwa cewa ake tiyar Ɗela ma'auniya tana da aljani: in ta auna biyu, a gida sai a tarar da uku. Na yi karatun rabon gado gaban mahaifina, ban taɓa jin aljanin da ya iya lissafi ba. Na ɗaura zani na tafi in gani.

Na same ta inda take kullum da hantsi, bakin rumbun tsimin da Nasara suka tilasta wa kowa zuba hatsi, tana kakkaɓe tabarma. Ido ya fara dushewa, bana za ta ajiye awo. Na juya tiyar, na ƙwanƙwasa gindinta. Ƙwarya ce kawai, har da ɗinki.

"Inna, aljanin ya tafi kiwo," in ji Ɗela. "Je ki tambayi Tamu."

Ga abin da Tamu, maƙwabciyarta, ta shaida. Shekarar da fari ya ci gonaki aka buɗe rumbun. Doka ta ce namiji tiya guda, mace rabi, yaro rubu'i. Gardi, wato dogarin kumandan Nasara, ya ƙara tasa: gida ba ya karɓar gutsure, sai cikakkiyar tiya. Abin da ya saura, buhunsa. Tamu mijinta ya rasu, tana da surukuwa da yara uku: tiya ɗaya da rubu'i uku, ta tafi da ɗaya. Saratu ta bayan dangarta an kai mijinta aikin tilas, ita da yara uku: ɗaya da rubu'i, ita ma ɗaya. Kowane rabo haka, yaran kuwa har sun daina kuka.

Ɗela ce ke aunawa, da hannunta take juye haƙƙin marayu a buhun ƙato. Rannan ta ɗago kai ta dubi gardin.

"Ranka ya daɗe, wai mene ne gida?"

"Masu ci a tukunya ɗaya mana, tsohuwa."

"Jama'a, kun ji da kunnenku."

Da la'asar ta ɗauki gatari ta sare dangar da ke tsakanin Tamu da Saratu, ta kife tukunya guda. Ta ce, "Rubu'i bakwai naki, biyar nata, sha biyu ke nan. Sha biyu tiya uku ce cif. Ku yi faɗanku in an ga kaka."

Kafin rabo ya zagayo ta bi gari tana haɗa mai rabi da mai rabi, mai rubu'i uku da mai ɗaya. Gardi ya shimfiɗa buhu, ko ƙwaya ba ta faɗa ciki ba. Ya leƙa gidaje, tukunya ɗaya-ɗaya. Ya zabga wa Ɗela bulala, tabon yana kafaɗarta har yau. Ya ce sai ta kwana gidan kaso a Magarya, wurin kumandan.

"Mu je, ɗana," in ji Ɗela. "Ni ma ina marmarin ganin kumandan. Ina son in ji ko shi ke cin rubu'in yara, ko kai."

Ba a je ba.

Ɗela, ke ce gatari mai sare danga ki haɗa zumunci. An ce talaka sai haƙuri. Ke kika nuna haƙurin ma ana auna shi. Ba a kira sunanki a dandali ba, ba a naɗa miki komai ba, amma yaran Tamu uku suna noma yau. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu riƙe da ma'auni, ku dubi kafaɗar matar nan kafin ku ce an fi ƙarfinku.

Babu aljani a tiyar Ɗela. Ba ta taɓa ƙara wa kowa ƙwaya ɗaya ba. Tiya ukun da ma tasu ce.