Littafin Baba Yohanna da Na Kai Gashuwa

Nguru

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha. Baba Yohanna maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista, tare muke tun ina yarinya. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a asibiti a Gashuwa. Jiya da yamma ya kira ni, muryarsa da ƙyar take fita: "'Yata, Bulus ya zo. Ki kawo min littafina mai tsarki, yana cikin akwati. Akwai abin da nake so ya karanta min a ƙarshen Tsohon Alkawari." Bulus ɗansa ne, sun yi shekaru ko gaisuwa ba sa yi.

Littattafai biyu na tarar a akwatinsa. Ni da ban yi boko ba, sai na ɗauki wanda ake buɗewa ta dama kamar Alƙur'ani, na ce ai wannan ne na Allah. Na naɗe shi a ɗankwali.

Jajimaji

Motar ta cika da buhunan busasshen kifi, direba kuma sai tsaye-tsaye. Na ce, "Malam, rai ne ke jirana!" Ya ce, "Hajiya, ruwa ya ci hanya, in na taka mu ma asibitin za a kai mu."

A shingen Jajimaji soja ya ce a sauke kaya. Ya kwance ɗankwalin, ya buɗe littafin, ya tsura wa rubutun ido.

"Wannan ba Larabci ba ne. Mene ne?"

Fasinjoji duk suka juyo suna kallona, wata har ta matsa gefe. Na ce a raina shi ke nan, za a tsare ni, tsohon nan ya mutu yana jira. Na daure na ce, "Ranka ya daɗe, na mara lafiya ne, yana bakin mutuwa." Ya ƙare min kallo, sannan ya miƙo min. Na sake naɗe shi, muka wuce.

Gashuwa

Hantsi ya ɗaga na shiga ɗakin. Baba ya kumbura, numfashi sama-sama. Bulus na tsaye jikin taga, fuska a ɗaure. Ya karɓi littafin, ashe akwai fassarar Turanci a gefen baƙon rubutun, ya nemo ƙarshe a ɓangaren Turancin, ya karanta labarin wani sarki da ya ba bayi izinin komawa gida.

Baba ya girgiza kai. "Ba shi ba ne."

Innalillahi! Ashe kuskure na yi.

"Na Yahudawa kika ɗauko, 'yata," in ji shi. "Wani injiniya ya ba ni. Abin da ke ciki ɗaya ne da Tsohon Alkawarinmu, jerin ne daban. Su littattafai ashirin da huɗu suke ƙirgawa a ciki, mu talatin da tara. Mu littattafan annabawa muke sawa a ƙarshe, su a tsakiya." Tari ya sarƙe shi, har na ɗauka tafiyar ce. Da ya lafa ya ce, "Bulus, nemi littafin Annabi Malakai."

Bulus ya yi ta buɗe shafuka, ni kuwa idona na kan ƙirjin Baba. Can ya samu. Magana ce a kan juyo da zukatan iyaye ga 'ya'yansu, da na 'ya'ya ga iyayensu. Bai kai ƙarshe ba muryarsa ta karye. Ya durƙusa ya kifa kai a hannun uban. Na fita waje na yi kukana.

Komawa

Na iso Nguru ana kiran la'asar. Ban ko cire mayafi ba waya ta yi ƙara. Bulus ne. Ya ce Baba ya sa ya sake karanta masa wancan na farko, na izinin komawa gida, Baban ya ce wannan nasa ne, shi ma gida zai koma, sannan ya cika.

Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci. Na gode wa sojan nan da ko sunansa ban sani ba.