Muryoyin da ke Bakin Bilyamin

A Hillar Audi, ƙauyenmu da ke kusa da Abu Na'ama, in mutum ya mutu ba duka yake tafiya ba. Gawa dai a kai ta tudu a rufe, amma muryar tana nan a bakin Bilyamin ɗan Ma'u.

Ni Barakatu na yanke masa cibiya, kuma ko a ranar bai dube ni ba. Har yau da furfura ta fara taɓa masa gemu, ban taɓa ganin ya kalli idon mutum ba. In kana masa magana bangon bayanka yake kallo, har sai ka waiwaya ka ga ko wani ne a tsaye. Ya shekara biyar bai ce uffan ba. Ma'u ta zaga da shi gidajen malamai, ya sha rubutu har na ce mata a daina, kada a wayi gari cikin yaron ya zama allo. Daga baya wani likita a Wad Madani ya ce abin sunansa tawahhud. Ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, haka kansa yake a ƙere. Ma'u ta dawo tana ƙunci, wai an raɗa wa abu suna an hana shi magani.

Ya fara magana ne ranar sadakar arba'in ta ubansa. Muna tsakar gida da hantsi ana tuƙa asida, tuwonmu na nan, sai muka ji marigayin daga bayan rumbu: "Ma'u, ina kika aje mini takalmi?" Muryar nan tasa mai shaƙewa, har da ɗan tarin taba da yake rufe magana da shi. Mai tuƙi ta saki muciya, mata suka yi waje ba mayafi. Ni kaɗai na leƙa, ba don jarumta ba, don ƙafata ba ta gudu. Yaron na tarar a zaune yana jera tsakuwa ƙarama bayan babba, bakinsa a ɗan buɗe.

Tun daga nan muka gane duk abin da ya shiga kunnensa sau ɗaya ya zauna ke nan. Rediyo, ladan, kukan jaki, faɗan mata a bakin famfo. Mutum ya mutu shekara ashirin, Bilyamin zai fito maka da shi kamar yanzu ya shiga bayan gida. Matan da mazansu suka rasu sukan lallaɓa wurinsa da rana tsaka, lokacin da gari ke barci, kowace tana ƙaryar ta zo neman ganyen magarya. Ni ma na je bayan rasuwar mijina Mati.

Na ce masa, "Angona, ce mini da muryar Mati, Barakatu ke ce hasken gidan ga."

Ya ce wa bango, "Bai taɓa faɗa ba, Haboba." Haka yaran nan ke kiran kaka.

"Na sani, ja'iri, shi ya sa nake so in ji."

"Abin da ya faɗa kawai nake da shi."

Sai ya gyara wuya, Mati ya fito: "Barakatu, wagga miya gishiri ne ko hukunci?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Na dawo gida na ja ƙofa, ban iya sa komai a bakina ba ranar.

Halinsa ke nan. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ko uwarsa ce ta roƙa.

Wannan hali ne ya taɓa jefa Ma'u cikin kunya a wani taron suna. Wata mai shisshigi ta tambaye shi ko yana jin abin da ake yi wa matattu a kabari. Ya ce ba ya jin matattu, abin da suka faɗa suna raye ne a wurinsa. Ta ce to ba ya tsoron Allah da yake wasa da muryoyinsu? Ya ce, "Ina saurare tun ina yaro. Ina jin kowa, ban taɓa jin shi ba. Ban sani ba ko akwai kowa a can." Ya faɗa kamar mai cewa gero ya ƙare. Ma'u ta yi kuka kwana uku. Limaminmu Malam Abdussalami ya ce a bar shi, irinsa ba a kama su da magana. Bilyamin dai ya ci gaba da zama na farko a sahu. Na tambaye shi to sallar mece ce, ya ce lokacinta ya yi. Kuma a tsawon rayuwarsa ban ji ya ɗauki ƙwayar riɗi ɗaya da ba tasa ba. Na san masu carbi har gwiwa da ba zan bar su da kazata ba.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Butrus Kafi. Butrus Kirista ne, mutumin duwatsun Nuba. Ya zo yankan riɗi yana saurayi, 'yan'uwansa suka koma, shi ya tsaya, ya zama mai gyaran babur, injin da ke jawo mana ruwa daga kogi zuwa gonaki. Hausarsa ta fi ta jikokina, waɗanda in ka ce musu ludayi sai sun tambaye ka da Larabci. Bai yi aure ba. Na yi masa tayin kaina sau biyu, ya ce shi injin da ya san ciwonsa yake taɓawa. Shi ya gane kunnen Bilyamin dukiya ne: injin na fara tari, Bilyamin zai faɗi wace kusa ce ta kwance tun ba a buɗe ba. Shekara ashirin da wani abu suna zaune a gindin babur, in sun yi magana goma a yini an yi hira. Ran Lahadi Butrus ya sa farar rigarsa ya tsaya ƙarƙashin bagaruwa ya yi addu'arsa shi kaɗai, don coci mafi kusa sai Singa. Bilyamin na gefe yana goge maɓuɗan kusa.

Butrus ya rasu a daminar da yaƙi ya rufe hanya. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Bilyamin kaɗai ke kansa lokacin da rai ya fita, da walaha. Ya fito daga bukkar marigayin ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Ammu Butrus ya daina numfashi," don baffa yake kiransa da Larabci, ya koma.

To ga inda gizo ya yi saƙa. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina in ka haƙa kamu ɗaya ruwa ya taso. Tudu ɗaya gare mu, shi ne maƙabarta, kuma ta Musulmi ce. Singa ba ta zuwuwa, ga laka ga masu bindiga. Ga zafi, gawa ba ta jira. Kuma babu wanda zuciyarsa ta yarda a jefa Butrus cikin taɓo, mutumin da gonar kowa ta sha ruwa daga hannunsa.

Osman, wan Bilyamin, shi ya kawo dabara. Osman ya yi jami'a a Madani, ya dawo da tabarau da ra'ayin cewa in an mutu an ƙare, amma a ɗaki yake faɗa, a waje kuwa ya fi kowa salati. Na ji shi ya ja ƙanensa bayan bukkar.

"Kai kaɗai kana nan. In Malam ya tambaye ka ko ya yi kalmar shahada kafin ya cika, ka ce i. Halas, an gama. A yi masa wanka a kai shi tudu."

"Bai yi ba."

"Ya zol, kai mutumin nan, wa zai sani? Matacce ba ya ji. Kai da bakinka ka ce ba ka san ko akwai kowa a sama ba. To wa kake tsoro?"

"Ba tsoro nake ba. Bai yi ba."

Ma'u ta zo ta kama masa gefen riga, don ba ya son a taɓa jikinsa. Ta ce, "Bilyamin, don nonon da ka sha. Kalma ɗaya. Mutane sun daɗe suna kallonka tun maganar nan taka. In yau ka tsaya wa coci a gaban gari, ranar da ka mutu wa zai tsaya maka?" Ya ce, "Inna, kin taka mini maɓuɗi." Ta ɗaga ƙafa.

Gari ya taru a ƙofar bukkar. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, amma ko ganye ba ya motsi. Babur a kashe, karo na farko da na ji ƙauyen nan ba bugunsa, shirun har ciwo yake a kunne. Gawar tana ciki a kan angare, gadon igiya, an rufe ta da farar rigar. Malam Abdussalami ba yaro ba ne, ya san abin da ake so a yi, kuma na ga a fuskarsa shi ma yana so. Ya yi tambayar a hankali, yana shimfiɗa wa amsar tabarma.

"Bilyamin ɗana, Butrus ya daɗe cikinmu, ya san kalmar da muke faɗa. Wataƙila Allah ya buɗe masa a ƙarshe. Ka ji ya faɗe ta?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma, da wannan bakin nawa, addu'a nake ya ce i.

Bilyamin ya kalli rufin bukkar. Ya gyara wuya. Sai numfashi ya fara fita daga ƙirjinsa, mai ƙara, irin na wanda ruwa ya cika wa huhu. Wata mata ta ce innalillahi. Sai Butrus ya yi magana, a gabanmu, gawarsa na kwance taku uku daga wurin.

"Bilyamin. Ruwa." Shiru. Numfashi. "Kada ka bar babur ya sha laka." Shiru mai tsawo, har na ɗauka an gama. "Kaina yamma, fuskata gabas. Itace biyu, ka gicciya. Ka ji?" Sai ƙasa ƙasa, kamar mai kiran wani a ɗaki na gaba: "Yesu. Yesu." Numfashin ya ja sau ɗaya, bai dawo ba.

Bilyamin ya rufe baki, ya ce da tasa muryar, "Shi ke nan abin da ya faɗa. Na ce masa na ji."

Ba wanda ya gudu a wannan karon. Tsoron ya wuce na gudu. Osman ya cire tabarau yana gogewa. Ma'u ta zauna a ƙasa cikin laka.

Wani dattijo daga baya ya ce, "To sai shi kai shi inda zai kai shi."

Bilyamin ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya shiga ya ɗauko shebur da diga, ya bi ta tsakiyarmu ya nufi bakin tur'a, babbar magudanar da babur ke zuba wa ruwa. Can akwai tsibin ƙasar da aka tara shekarun baya lokacin yashe magudanar, ya fi mutum tsayi, ƙaya ta rufe shi. Kullum muna wucewa ta gefensa, babu wanda ya tuna tudu ne. Ya hau, ya auna da taku, ya fara sara.

Muka tsaya muna kallonsa daga nesa, mutum ɗaya a kan tsibi, baƙin hadari a bayansa. Malam Abdussalami ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce, "Maƙwabci ne. Ba mu yi masa salla, amma ba mu barin mutum guda shi haƙa." Ya tattare riga. Maza suka bi shi ɗaya ɗaya, wasu don Allah, wasu don kada a ce. Dattijon nan bai je ba, shi da wasu huɗu, kuma har yau in Bilyamin ya tsaya a sahu sukan bar tazarar mutum ɗaya tsakaninsu da shi. Shi bai ma lura ba, da ma ya fi son sarari. Ma'u ce ke lura.

Ƙasar ta fito a bushe. Aka ɗauko Butrus a kan angarensa. Mu mata ba ma zuwa rufe gawa, amma wannan ba maƙabarta ba ce, bakin tur'a ne inda muke wanki, don haka muka bi, ba wanda ya sami bakin hana mu. Bilyamin ya sa aka juya gawar sau biyu sai da kan ya daidaita yamma. Aka rufe. Ya ɗaure rassan bagaruwa biyu da wayar inji ya kafa.

Daga nan aka rasa abin yi. Malam ya ja baya, ya harɗe hannu. Ba a san me ake faɗa wa Kirista ba, kuma ba mai faɗa. Mutane suka fara juyawa.

Sai muryar Butrus ta tashi, ba ta ciwo ba, ta lafiya, cikakkiya, wadda yake addu'ar Lahadi da ita. Rabi Larabci, rabi yaren duwatsunsu da ba mai ji a cikinmu, har da Bilyamin ɗin. Yana tsaye a kan kabarin, hannu a gefe, yana kallon ruwan magudana, mutumin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana yi wa kansa addu'a. Ɗigon farko na ruwan sama ya fara sauka a kan sabuwar ƙasar, manya manya, ba wanda ya motsa.

A ƙarshe muryar ta tsaya cak. Bilyamin bai sauko ba, bai rufe baki ba. Ashe haka Butrus yake yi duk Lahadi: in ya kai ƙarshe sai ya dakata, ya bar wurin da jama'a za su amsa, ko da yake jama'ar ba ta wuce bagaruwa da inji ba. Bilyamin ya ajiye har wannan shirun, da tsawonsa.

Maza suka kalli Malam. Malam ya kalli ƙasa. Shirun ya yi ta tafiya, ruwa na ƙaruwa.

Wata tsohuwa marar kunya daga cikin mata, kada ku tambaye ni sunanta, ta ce amin. Bilyamin ya sauko, ya je ya tada babur.