Kafireta Mai Baki Biyu

A shekarun da fetur ya yi wuya, ni ke sayar da tsofaffin kayan mota a ƙauyenmu, kusa da Ɗanbatta. Masu sayen kayana biyar ne kacal, duk masu son gudu irina, kowa da tsohuwar Fijonsa. Idan an gama cire gyaɗa, mukan gwada motocin a hanyar Kunci.

Ina da tsari. Da farko in wanke abu da kananzir. Sannan in ɗaura shi a motata in gwada. Sai na gamsu nake shimfiɗa shi a tabarmar zaure.

Haka na yi wa wata kafireta mai baki biyu. Wani Alhaji a cikinmu, dillalin shanu, ya nace sai ita. Na ce, "Alhaji, tana gudu, amma fa tana shan mai."

Ya ce, "Malam, mai ai matsalata ce."

Da aka fita gwaji, motarsa ce ta zo ƙarshe. Ranar kasuwa sai ga labari, wai yana teburin mai shayi yana cewa mushe na sayar masa. Mutum biyu da za su zo ɗaukar kaya ba su zo ba. In waɗannan mutane suka daina yarda da hannuna, sana'ata ta mutu.

Na tara su duka a ƙofar zaure bayan la'asar. Na buɗe motar Alhaji, na kwance kafiretar, na jera kusoshinta a faranti ɗaya bayan ɗaya. Baki na farko lafiya lau. A na biyu na zaro guntun silifas, an cusa shi an ɗaure da waya.

Na ɗaga shi sama. "Wannan ma ni na sayar maka?"

Wani ya ce, "Alhaji, ɗaya ƙafar fa? Tana cikin giyar motar?"

Alhaji ya ce bakanikensa ne ya toshe don mai ya riƙa auki. "Tattali laifi ne?"

Na ce, "Ka shaƙe ta da hannunka, sannan ka kai sunana teburin shayi?"

Ban karɓi haƙurinsa a zaure ba, don ba a zaure ya ɓata ni ba. Da kasuwa ta zagayo na tsaya a kansa a gaban mai shayin, silifas ɗin a hannunsa. Ya faɗi gaskiyar ƙasa-ƙasa, na ce a maimaita, na ƙarshen benci bai ji ba.

Washegari mutum biyun nan suka zo. Shi kuwa, ko noti ban ƙara sayar masa ba.