Saura Amincewar Wendell

Wendell Kostiuk tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne a garin Moose Jaw. Tun yana da ƙarfinsa ya sa hannu a rubuta manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, shi da sauran marubutanta suka ba duniya ita kyauta bisa sharaɗi: kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, amma kada wani ya hana jama'a ita.

Yanzu matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, wayar gidan ko tari ba ta yi.

Kwatsam sai ga kiran wata matashiya, Marisol, ɗaya daga cikin masu riƙe da manhajar a yau. Suna son sauya sharaɗin, kuma sai duk wanda ya taɓa sa hannu a rubuta manhajar ya amince. Kowa ya amince, saura shi.

"Baba Wendell, don Allah, eh kawai za ka ce."

"Ke dai kin cika gaggawa. Kira ni ran Talata, zan yi tunani."

Babu tunanin da yake yi. Sabon sharaɗin ma ya kwanta masa. Amma ya san ranar da ya ce eh, ranar wayar za ta koma shirunta.