Ruwan Shinkafar Bangala

Abin da na fara gani da mai babur ya sauke ni a ƙofar gidan Iya shi ne takalmanta. An ɗora su a kan katanga, ruwan sama har ya taru a ciki. Tun kafin in yi sallama na gane ta daɗe ba ta taka ƙasa ba.

Iya kakata ce ta wajen uba, tana zaune a wani ƙauye bayan Mai'adua. Gwaggo Hanne, ƙanwar babana, ita ta tarye ni a tsakar gida. Ta ce ciwon shanyewar jiki ne ya kama Iya ta ɓarin dama, ya tafi da bakin. Tana ji, tana gane mutane, amma magana babu. Ni kuwa na zo hutun makaranta da wata tambaya da nake riƙe da ita tun ina firamare, kuma duk duniya Iya kaɗai ke da amsarta.

Da can, idan muka zo hutun damina, bayan magariba a madafi muke taruwa, mu jikoki, ana gasa masara a bakin murhu. Ni kullum can kusa da ƙofa nake raɓewa. Iya takan ce, “Uwar shiru, matso, ba a biyan kuɗin wuta a gidan nan.” Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta yi sai ranar da aka dafa shinkafa. Ranar ba mai zubar da ruwan da aka tace. Takan sa a juye shi a kwano, ta barbaɗa gishiri, kowa ya kurɓa, ko yana so ko ba ya so. Sannan ta gyara zama ta ce wannan ba ta dawa ba ce, ta ruwa ce.

Mahaifinta, Baba Audu, ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa. Iya ta ce ba da bindiga ya je ba, da ludayi ya je, domin kukun sojoji ne. A hanya aka ajiye su a wata ƙasa da take kira Bangala. Can ruwa ya fi tudu yawa. Gidajensu a kan tarin ƙasa suke, kasuwa ma a kwalekwale ake zuwa. Ba sa yafa shinkafa, dashenta suke yi ɗaya bayan ɗaya, a duƙe cikin ruwa har gwiwa. Da ita suke karyawa, da ita suke kwana, da kifi. Idan sabuwa ta nuna, wasunsu sai sun ajiye wa hankaka tasa kafin su kai baki. Da yawansu Musulmi ne, Baba Audu ya bi su jam'i ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba.

Sai dai gonakin ba na masu dashen ba ne. Na manya ne, kuma idan aka yi girbi rabi nasu ne. Da yaƙi ya matso, Turawa suka kwashe kwalekwalen mutane don kada abokan gaba su samu na hayewa. Shinkafa kuma aka saye ta aka kulle a sito. Iya takan ɗaga itace ta nuna mu da shi, ta ce, “Ku ji da kyau. Ba fari aka yi ba. Shinkafar tana nan, mutanen ne ba su da hanyar zuwa gare ta.”

Kullum wata yarinya takan zo bakin wayar barikin da 'yar tukunyar ƙasa, ta tsaya tana kallon Baba Audu. Shi ya ɗauka shinkafa take roƙo, shinkafar kuwa a aune take, saje ya hana a ba kowa ko tsinke. Don kunya sai ya juya mata baya, ya tace abinsa, ya tsiyaye ruwan a kwata kamar yadda ake yi a gida. Ai a wajenmu ruwan shinkafa ba abinci ba ne, wa zai miƙa wa mai roƙo shi? Sai wata rana ya waiga, ya gan ta ta zuro hannu ta ƙarƙashin waya tana kwasar laka daga inda ruwan ya bi. Ashe can mutane sun daina roƙon shinkafa. Ruwan kawai suke roƙo.

Da yamma ya tara ruwan a garwa, ya rufe, ya ce da safe zai ba ta. Da asuba aka busa begila, aka ce kowa ya hau mota.

A nan Iya take tsayawa. Sai ta tura itace cikin wuta, ta ce mu tashi, an kusa kiran isha'i. Sauran yaran ba ruwansu, masara ta riga ta ɗauke musu hankali. Ni na lura duk lokacin da ta zo wajen begilar nan sai ta goge tafin hannunta a zane, alhali babu komai a hannun. Sau da yawa na buɗe baki in tambaya, kunya ta rufe shi. Nakan ce wa kaina sai wani hutun.

A makaranta na ga ƙasar a taswira, an ce daga baya an raba ta gida biyu. Ba taswirar ce ta fahimtar da ni labarin ba. Shekarun da aka rufe iyaka ne, da na ga buhuna jibge a bayan shinge a hanyar Kongolam, matan ƙauye suna wucewa da kwanoni a kai, suna kallo ta gefen ido. Da can ina ganin darasin Iya shi ne kada a yi ɓarnar abinci. Yanzu ina ganin ya fi haka ɗaci. Mutum zai iya tsayawa kusa da mai yunwa, da tausayi cike da zuciya, yana zubar da abin da zai rayar da shi bai sani ba.

Na tambayi Gwaggo Hanne ko ta san ƙarshen. Ta ce ita ma iyakar abin da ta taɓa ji ke nan. Babana kuwa da na kira shi dariya ya yi, ya ce ai zancen tsofaffi ne.

Na shiga ɗakin. Iya tana kwance, idonta a kan rufi, sai ya sauko kaina ya tsaya. Na zauna a bakin gado na kama hannunta na hagu. Ciwon ya sa rawa yake yi ba ya tsayawa, har na rasa yadda zan bambance amsa da ciwo. Duk da haka na sunkuya daidai kunnenta.

“Iya, uwar shiru ce. Idan Baba Audu ya kai wa yarinyar nan ruwan kafin su tafi, don Allah ki matse min hannu.”